Mai juye kaset na wajen Bata da muryar Innarmu

Jama'a duk wanda yake da tsofaffin kaset a gida, irin na rediyon nan da ake naɗar murya, musamman in akwai muryar iyaye ko kakanni a ciki, to dominsa na yi wannan rubutun. Akwai wani dattijo a Kano, a layin masu gyaran rediyo ta wajen Bata in ka nufi kasuwar Sabon Gari, aikinsa kenan juye kaset zuwa filashi ko memori. Shagon ko allo babu, amma in ka shiga layin kace mai juye kaset kake nema za a nuna maka. Mu mun kai masa namu ya yi mana aikin da har yau addu'a nake masa, duk da akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba kuma zan faɗe su, don wanda zai je ya tafi da shirinsa.

Bari in fara da yadda aka yi muka mallaki kaset ɗin, don yaran yanzu ba lallai su gane ba. Yayanmu, ɗan farin Inna, ya tafi aikin Hajjin 1983 sai ya samu aikin ɗinki a Jidda ya yi zamansa, sai da ya kusa shekara 20 kafin ya dawo gida gaba ɗaya. Lokacin babu salula, wayar NITEL kuwa sai gidan wane da wane, ita kuma Inna karatun allo ta yi ba ta yi boko ba. An ce a dinga rubuta mata wasiƙa ta ƙi fur, tace ita ba za ta faɗi magana da gishirinta wani ɗan makaranta ya wanke ta tas ya rubuta "bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri" ba. Shi ne duk shekara in tashin alhazai ya matso sai ta aika a sayo mata kaset sabo dal da batir Tiger, ta ɗauko rediyon National Panasonic ɗinta, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta danna jan maɓalli, ba za ta tashi ba sai ta cika gaba da baya. Sai a ƙunshe kaset ɗin a leda tare da ƙullin kuka da daddawa da yaji a ba wani maniyyaci ɗan unguwa ya kai masa. Ba ita kaɗai ba ce fa, gidaje da yawa a unguwarmu Gwammaja haka suke yi da 'ya'yansu na can, har zuwa 2001 da salula ta shigo aka daina.

Inna ta rasu bara bayan ƙaramar Sallah, Allah ya jiƙanta ya gafarta mata ya sa Aljanna ce makomarta. Abin da ya sa maganar kaset ɗin nan take da nauyi a wajenmu shi ne, shekarunta na ƙarshe hawan jini ya jawo mata shanyewar ɓarin jiki kuma ya taɓa harshen, matar da unguwa guda ta santa da baki ta dawo sai dai ta yi nuni da hannu. Ƙananan jikokinta a haka suka santa. Bidiyon da muke da su a waya duk na lokacin jinya ne. Bayan an share makoki Yaya ya tuna da wata tsohuwar akwatin Ekolak da ya dawo da ita daga Jidda, aka buɗe sai ga kaset 14 a jere, kowanne da shekararsa a jiki da rubutun hannunsa. Ɗoki ya sa ya ɗauki ɗaya ya saka a tsohon rediyon da ke ɗakinsa, ko minti biyu ba a yi ba rediyon ya tauna zaren ya cukurkuɗe shi. Don Allah kar wanda ya yi haka, rediyon da ya shekara 20 a ajiye bel ɗinsa da robar da ke jan zare duk sun mutu, cinye maka kaset kawai zai yi.

Wani ɗan maƙwabtanmu mai gyaran waya a Farm Centre ne ya kwatanta mana shagon. Ƙaramin wuri ne sosai, an jibge matattun rediyoyi har rufi, benci ɗaya, tebur ɗaya, a kai akwai dek, wato injin saka kaset, guda biyu na da irin na gwanjo da wata tsohuwar kwamfuta. Shi Malam ɗin zai haura shekara 60, mai gilashi, ba shi da yawan magana, yace tun yana saurayi gyaran rediyo mai kaset yake yi, da kasuwar ta mutu ya koma wannan. Abin da ya fara burge ni da shi, da na zube masa kaset ɗin nace Malam a saka ɗaya mu ji ko suna yi, sai yace a'a Hajiya, kaset ɗin da ya daɗe haka ba a saka shi sai an duba lafiyarsa. Ya dinga ɗaukarsu ɗai-ɗai yana ɗagawa sama yana leƙa 'yar tagar tsakiya, ya zura biro a ramin ya juya a hankali ya ji ko zaren ya manne, ya ware su kashi uku, masu lafiya da masu buƙatar gyara da guda ɗaya da yace ba zai yi min alkawari a kansa ba. Sannan kafin komai ya ɓalle 'yan haƙoran nan na saman kowanne kaset, yace in an ɓalle su ko an danna jan maɓalli bisa kuskure ba zai naɗi wani abu a kai ba. Ashe duk shekarun nan a buɗe suke.

Kuɗi kuma tun a ranar ya faɗa bai ɓoye komai ba, N3,000 kowanne kaset mai lafiya, N5,000 wanda sai an yi masa aiki, filashi daban. Wannan farashin lokacin da muka je ne, kun san yadda kaya suke hawa yanzu. Da farko na ga kamar ya yi tsada, amma da ya yi min bayani na gane, ba a juye kaset da gudu, in C90 ne wato minti 45 kowanne gefe to sai an zauna minti 90 cur yana tafiya yana shiga kwamfuta, in C60 ne awa ɗaya, kuma dole mutum yana kusa yana sauraro ko zai sarƙe. Ban nemi ragi ba.

Na zauna na ga yadda ya yi da wanda rediyon Yaya ya tauna. Ya kwance 'yan sukurori biyar ya buɗe gidan, ya zaro wajen da ya cukurkuɗe ya shimfiɗa a kan gilashi yana lallaɓa shi da bayan farce har ya miƙe, inda ya tsinke ya daidaita baki da baki ya liƙe da wani siririn tef na musamman ta bayan zaren, yace salatif na kanti ba ya yi don gam ɗinsa yana tsatsowa ya manne zaren da ke kusa da shi. Akwai wani ɗan soso mitsitsi da ke ƙarƙashin zaren yana tokare shi ya manna da hed, wato ɗan ƙarfen da ke karanto sautin, a kaset huɗu ya faɗo, ya ciro na wasu matattun kaset ya liƙa musu. Biyu kuma sun yi fumfuna fari-fari kamar na kan tuwon da ya kwana biyu, zafi da laimar Jidda ga daminar Kano ta ɗora, waɗannan da hannu ya dinga juya su yana goge zaren da wani tsumma mai laushi, kuma duk kaset ɗaya in ya gama sai ya goge hed ɗin dek da auduga da sifirit kafin ya saka na gaba. Wanda gidansa ba mai sukuru ba ne, manne shi aka yi, fasa shi ya yi ya mayar da zaren cikin wani gidan. Wallahi ni ban taɓa ganin mutum yana tattalin kayan wani haka ba.

Amma inda ya gama saye ni shi ne kaset ɗin 1986. Da ya saka, farkon lafiya lau, can wajen tsakiya sai muryar ta fara sirancewa tana sauri-sauri har ba ka cewa Inna ce. Gabana ya faɗi nace shikenan wannan ya lalace. Yace bai lalace ba Hajiya, batir ne ya yi mata sanyi tana cikin naɗa, in batir ya yi sanyi zaren a hankali yake tafiya, to yanzu da aka saka shi a injin da ke tafiya daidai dole a ji ta da sauri. Yace zai iya rage gudun a kwamfuta, da wata manhaja Audacity yake aiki, amma shi bai san muryarta ba, ni na sani, don haka in saka abin ji a kunne zai dinga ragewa kaɗan-kaɗan, in na ji ta in ɗaga masa hannu. Ya fara ja, murya tana saukowa tana kauri tana kauri, sai kawai na ji "kai wannan yaron, kana jina ko" da muryar nan tata mai ɗan kaushi da take kiranmu da ita daga madafi. Hannun ma kasa ɗagawa na yi, shi ya ga fuskata ya tsaya a nan. Bai ce min komai ba, ya tashi ya fita waje ya ba ni wuri sai da na gama kukana.

"Wannan yaron" ɗin nan kuwa Yaya ne. Kaset 14, awanni tana magana da shi, ko sau ɗaya ba ta kama sunansa ba, alkunyar ɗan fari, daga "wannan yaron" sai "mai Makka". Amma kunyar a suna ta tsaya, tsiya kam ya sha ta. A wani tace an ce min ka yi ƙiba shinkafar Larabawa ta karɓe ka, to ka sani ƙofar zaurenmu ba a faɗaɗa ta ba, in ka dawo ba ka shiga sai dai mu dinga miƙo maka tuwo ta katanga. A wani kuma ta lissafa masa 'yan matan unguwa da aka aurar a shekarar tun daga farkon layi har ƙarshe, tace saura mutum biyu, ɗaya ta fi ƙarfinka ɗayar kuma kai ka fi ƙarfinta, ka zauna nan kana auren keken ɗinki.

Kaset na farko na 1984 shi ne na canjin kuɗi. Waɗanda suka manyanta za su tuna a watan Afrilun shekarar gwamnatin soja ta Buhari ta sauya launin takardun naira aka ba mutane 'yan kwanaki su kai tsofaffin banki. To Inna ita ce uwar adashin matan layinmu, ga kuma cinikin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da take yi a gida, duk kuɗin suna cikin wata kwalla a ƙarƙashin gado. Yadda ta ba da labarin yadda ta tasa Baba a gaba da asuba ya tafi layin banki, ya wuni cikin turmutsitsi, ya dawo da magariba "da sababbin kuɗi da tsohon takalmi ƙafa ɗaya", tana yi tana kwaikwayon tafiyarsa da tarin da yake yi in zai shigo gida, ana jin mu yara a gefe muna ta ƙyalƙyala dariya, can daga nesa sai ga muryar Baba yana cewa ke dai Allah ya shirye ki. Baba ya riga ta rasuwa da shekaru masu yawa, ba mu da muryarsa a ko'ina, mun ɗauka mun rasa ta har abada, sai ga ta nan a bayan tata.

Ga siyasa. Inna 'yar PRP ce ta gidan Malam Aminu Kano, ai gidan Mumbayya a unguwarmu yake, kuma da jam'iyyar ta rabu gida biyu ita ɓangaren taɓo ta tsaya, na Malam. Maƙwabciyarmu ta jikin katanga kuwa 'yar santsi ce ta Abubakar Rimi, ga ta Bazazzagiya, kun ga abin ya haɗu biyu, ga wasan Kanawa da Zagezagi ga na siyasa. Sabo Bakin Zuwo na ɓangaren taɓo ya ci gwamnan Kano a 1983, wata uku kacal soja suka yi juyin mulki, to a kaset ɗin take ba Yaya labari tace yanzu ni da baiwata mun huta, da nawa da nata duk soja sun kwashe sun kulle, sai mu koma faɗa a kan kaji. Sai ka ji ta ɗaga murya ta ƙwala wa matar kira ta katanga wai ta zo ta gaida ɗan uban gidanta, ita kuma ta amso daga can tace ai Bakano bai taɓa zama uban gidan kowa ba. Matan nan biyu haka suka rayu shekara da shekaru, kuma ita ce ta yi wa Inna wanka ranar da ta rasu.

Shekarar da aka yi ruwan nan na watan Agustan 1988 da ya karya madatsar Bagauda ya rushe gidajen ƙasa da yawa a Kano, katangar da ke tsakaninsu ta faɗi. A kaset na gaba ta fara da jajen mutanen da suka rasa gidaje tana kiran sunayensu gida-gida tana musu addu'a, sannan tace mu dai katanga ce kawai, kuma Allah ya yi min gata, yanzu ba sai na ɗaga murya ba in zan tsokani mutuniyar. Haka take, ba ta raina musiba amma ba ta bari ta zauna mata a tsakar gida. Shekarar da Yaya ya biya mata ta je ta sauke farali babu kaset tunda da ƙafarta ta je, amma na bayansa rabinsa duk labarin haƙorin Makka ne, tace tun da na sa shi ban ƙara rufe baki ba, kuɗi aka biya dole a gani.

Da ya gama juyewa sai ya tambaye ni, yace Hajiya akwai shuu ɗin nan na kaset da hayaniyar gida, zan iya gogewa murya ta fito ita kaɗai, amma ga yadda za ta koma, ya saka min minti ɗaya da ya goge sosai in ji. Muryar ta fito tsaf amma ta zama wata iri, ta yi ƙarfe-ƙarfe, kuma komai na bayanta ya tafi. Yace ni shawarata a rage shuu ɗin kaɗan kawai a bar sauran, don watarana abin da ke bayan ne za ku fi nema. Gaskiya ya faɗa. A bayan muryarta akwai lugude daga gidan maƙwabta, akwai zakara, akwai almajiri yana bara a zaure ta katse magana tace a miƙa masa ɗumame, akwai mai tallan kananzir, akwai kiran sallar la'asar na masallacin layinmu da muryar ladanin da ya daɗe da rasuwa, tace to bari in yi sallah ƙat ta kashe, ƙat ta kunna ta ɗora daga inda ta tsaya. Mutumin da kuɗi kawai yake nema da gogewa zai yi ya miƙo min abu mai ƙyalli in tafi ina murna ban san me na rasa ba. Shi kuwa kashi biyu ya ba mu, na asali da bai taɓa komai ba a WAV, da wanda ya ɗan gyara a MP3 don sakawa a waya. Na WAV ɗin yana da nauyi, minti ɗaya wajen MB 10 yake ci, kaset C90 guda ya kusa MB 900, shi kuwa MP3 bai kai 100 ba. Yace na asalin a ajiye kar a taɓa, ko nan gaba za a samu hanyar gyara da ta fi ta yanzu.

Akwai guda ɗaya da babu dariya a ciki. A 1996 aka yi annobar sanƙarau a Arewa, Kano ta ji jiki ƙwarai, har Saudiyya ta hana alhazan Najeriya shiga a shekarar, don haka kaset ɗin bai samu mai kaiwa ba sai daga baya. A cikin annobar muka rasa 'yar ƙanwata, yarinya 'yar shekara huɗu da Inna take kira kishiyata mai satar min kwalli. A kaset ɗin take sanar da Yaya. Ta yi sallama, ta gaishe shi, ta faɗa masa, sai ta yi shiru, zare yana ta tafiya babu magana ya fi minti guda, sannan ta ja Inna lillahi ta ci gaba. Malam ya kira ni a waya musamman yace akwai wani dogon shiru a nan, yawanci ina yanke irinsa amma wannan ban ga ya kamata in taɓa ba sai na tambaya. Nace a bar shi. Ita ƙanwar tawa har yanzu ba ta saurare shi ba kuma ba wanda ya matsa mata.

To yanzu abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Na farko alkawarin lokaci, yace mako biyu, sai da aka ninka haka har da ɗori, kuma ba ya kira ya sanar da kai, sai ka zo yace wallahi ba a samu wuta ba. Na yarda akwai matsalar wuta, kuma ya yi min bayani cewa ba ya son juyewa da ƙaramin janareto don ƙugin yana shiga cikin sautin, in wuta ta ɗauke a tsakiya kuma sai an sake gefen daga farko, duk na fahimta, amma kira ɗaya ai ba zai gagara ba, daga Gwammaja zuwa Bata kuɗin adaidaita ne da cunkoso. Na biyu wurin zama, mace in ta je a takure take, benci ɗaya ne kuma maza ne cike da layin, gara ki tafi da ɗanki ko ƙaninki. Na uku yaron shagonsa ne ya saka wa fayil-fayil ɗin suna, ya rubuta 1, 2, 3 kawai bai bi shekarun da ke jikin kaset ba, har gefen A na wani ya haɗu da gefen B na wani a folda ɗaya, sai da ɗana ya zauna ya bi su ɗai-ɗai ya gyara. Filashin da suka sayar mana ma bai yi wata biyu ba ya fara gardama, Allah ya sa mun riga mun kwafe a kwamfuta, don haka ku sayi naku mai kyau a wajen wanda kuka yarda da shi ku tafi da shi, mai GB 32 ya isa har ya yi saura.

Sai wanda ya fi damuna. Ranar da na koma na tarar an saki muryar Inna a sifika, yaron shagon da wasu abokansa biyu suna ta dariya. Na san ba da mugunta ba ne, duk wanda ya ji ta sai ya dara, amma saƙon uwa ne zuwa ga ɗanta, akwai maganar auren wasu da ya mutu, akwai bashi, akwai sirrin dangi. Na yi wa Malam magana, bai yi musu ba ya ba ni haƙuri ya yi wa yaron faɗa a gabana, daga ranar da abin kunne yake aikin, kuma da muka tabbatar komai ya shiga wajenmu ya goge na kwamfutarsa ina kallo. Amma da tun farko haka tsarinsa yake da ya fi. In za ku kai naku ku faɗa masa wannan tun ranar farko.

Wanda yace ba zai yi alkawari a kansa ba kuwa C120 ne, irin mai awa guda kowanne gefe, zarensa siriri ne sosai shi ya sa ya fi saurin miƙewa da tsinkewa. Ya ceto gefe ɗaya da kusan rabin ɗayan, sauran ya manne ya ƙi rabuwa, kuma kuɗin mai lafiya ya karɓa a kansa bai karɓi na gyara ba duk da shi ya fi ba shi wahala. Na TDK da Maxell su ne suka fito garau kamar jiya aka naɗa.

Da babbar Sallah da aka taru a gidan Yaya aka haɗa waya da sifika aka saka wa jikoki. Babban ɗana yanzu ya haura 30 da 'ya'yansa biyu, a wani kaset ana jin kukansa yana jariri, Inna tana cewa ga angon nawa nan kana jinsa, ko sisin cefane bai taɓa bayarwa ba amma ya fi kowa ƙorafin abinci. Ya sa aka maimaita masa wajen ya fi a ƙirga. Ƙananan kuwa da suka san ta a kan keken marasa lafiya tambaya suke wai da gaske Hajiya Inna ce wannan, autar Yaya tace ashe haka take da surutu, aka ce mata ai ke kika gado ta. Yanzu yaran gidan har sun haddace maganganunta suna jifan juna da su. Wani amfanin da ba mu zata ba, a kaset biyu ta ambaci kuɗin da ta ranta a wajen wata ƙawarta lokacin auren ƙanwata, mun bi diddigi wajen 'ya'yan matar suka ce an biya tun tuni, hankalinmu ya kwanta, don bashin mamaci ba abin wasa ba ne.

Wanda zai je, ya rubuta suna da shekara a jikin kowanne kaset da kuma a takarda daban, ya ce a saka wa fayil suna yadda yake a takardar, ya nemi a ba shi na asali da na gyara duka, kuma ya karɓo kaset ɗinsa kar ya bar su a shago ko ya zubar don an juye. A ajiye su a tsaye cikin gidajensu a inda babu zafi da laima, nesa da sifika saboda maganaɗisun da ke ciki. In an dawo gida a kwafe a wuri biyu ko uku, mu mun saka a kwamfutar ɗana da Google Drive, sannan muka tura wa 'yan uwa na Kaduna da Jidda ta WhatsApp a matsayin dokumen tunda fayil ɗin manya ne. Kaset ɗin bidiyo na biki ba ya yi, sai dai ya tura ka wajen wani a layin. Ba ya buɗewa ranar Juma'a sai bayan an sauko daga masallaci, kuma da safe aka fi samunsa da natsuwa kafin layin ya cika da ƙarar masu gwada sifika. Gwaggonmu ta ji labari tace ita ma akwai kaset ɗin amsoshin da Yaya ya dinga aikowa daga can a cikin kayan Inna da aka ba ta ajiya, in ta lalubo su wajensa zan sake kaiwa, da filashina a jaka.